Gwangwanayen Baba Piyo

Ranar Talata ce, kwanaki kaɗan bayan Babbar Sallah, ranar da London ta yi zafin da ko 'yan Maiduguri na unguwar Peckham sai da suka daina cika baki. Kwalta na kama tayar kekena. Na haƙura da kai wa mutane abinci na dawo gida kafin azahar, sai na tarar da ƙofar Baba Piyo a buɗe. Yana zaune a ƙasan kicin, ya jingina da firij, hannu ɗaya a ƙirji.

"Hamdan," ya ce, "firij ya mutu."

"Baba, kai ne ba ka da lafiya. Bari in kira ambulan."

"Firij tukuna."

Na kira duk da haka.

Baba Piyo mutumin Koriya ne, ya haura tamanin, ƙofarsa na kallon tamu a hawa na uku. Pyo ne sunansa, Umma ta mai da shi Piyo, ya kuma amsa. Ba mata, ba ɗa. Hausarsa ba ta wuce "sannu Hajiya" da "na ƙoshi" ba, na biyun ma ƙarya ce, don bai taɓa dawo da kwanon tuwo da saura ba. Da Turanci muke magana. A wurinmu yake cin abinci, saboda firij ɗinsa ba na abinci ba ne. Gwangwanaye bakwai ne a ciki, masu faɗin faranti, kowanne da lamba a murfi.

Fim ɗin mahaifinsa ne. Tun da na bar makaranta, duk ran da faɗan Umma ya ishe ni wurinsa nake gudu, don haka na haddace labarin. Mahaifin yana cikin waɗanda suka fara yin fim a ƙasarsu, zamanin da Japan ke mulkinsu, zamanin da fim ba ya magana, sai a tsayar da mutum gefen allo yana yin muryar kowa. Gonar shinkafar gado ya sayar ya sayi kyamara. Fim biyar ya yi. Hukuma ta karɓe biyu, yaƙi ya cinye biyu, shi ma ya fita wata safiya cikin yaƙin bai dawo ba. Wannan kaɗai ya tsira: labarin wata mai tallar gishiri da ke bin ƙauyukan kan dutse tana neman ƙaninta da aka kwashe zuwa haƙar kwal. Mahaifiyar Baba ce ta fito a matsayin mai gishirin, ita ce kuma ta ɗora gwangwanayen a ka ta yi gudun hijira da su. Baba bai taɓa kallon fim ɗin ba, a bakinta ya ji shi. Ni ma ya ba ni duka, ban da ƙarshen. "Sai ka koma makaranta," yakan ce. Masu adana tsofaffin finafinai sun sha roƙonsa, yana cewa an taɓa karɓar na babansa da takarda da hatimi, bai ga an dawo da su ba.

"Ka saurare ni," ya ce, yana jan numfashi. "Irin wannan tsohon fim, in ya ji zafi da kansa yake kamawa da wuta. Ruwa ba ya kashe shi."

Da masu ambulan suka hawo, sai ya riƙe hannun firij ɗin. Wata mata a cikinsu ta durƙusa ta ce masa zuciyarsa ce, kuma ba ta jira. Ya ce ba inda za shi sai kayansa sun shiga sanyi. Leɓensa ya fara yin shuɗi.

Na kwashi gwangwanayen na tsallaka gidanmu. Umma tana tsaye gaban fanka da mafici a hannu.

"Umma, firiza. Duka za su shiga."

"Wace firizar? Ragon layya ne a ciki har baki, rabi ma na maƙwabciyarmu Mama Awabu ne, amana ta ba ni."

"Ya ce ba zai je asibiti ba sai sun shiga."

Ta leƙa ta hango shi a ƙasa. Ta ajiye maficin.

"Kai dai ba ka taɓa shigowa gidan nan da abin arziki ba. Miƙo babbar roba. Je ka ce masa sun shiga."

"Ba su shiga ba tukuna."

"Za su shiga! Tafi da bawan Allah, ba shi da kowa."

Na koma na ce masa Hajiya ta karɓa. Sai a sannan ya saki hannun firij ɗin.

A asibiti aka jona masa wayoyi, aka sa masa robar iska a hanci. Na kasa zama. Ina zirga-zirga tsakanin gadon da labule sai wayata ta yi ƙara. Umma ce.

"Yaya jikin nasa?"

"Da sauƙi. Sun shiga?"

"Huɗu sun shiga. Ukun sun ƙi, na buɗe in gani ko za a iya haɗe su wuri ɗaya. Hamdan, abin nan ya jiƙe, sai danƙo da wari kamar tsohuwar safa. Na shanya su a baranda kan tire. Ranar yau ai ko kilishi ne yanzu zai bushe."

Baba yana kallona.

"Me ta ce?"

Na so in yi masa ƙarya, ban samu ba. Na faɗa masa. Na'urar da ke gefensa ta ƙara sauri.

"Umma, ki shigo da su yanzu, ki..."

"A'a!" Ban san yana da sauran irin wannan muryar ba. "Kar ta taɓa. Ta rufe ƙofar baranda ta fita. Ta buga wa maƙwabta ƙofa."

"Baba, taku biyu ne kawai, za ta iya..."

"Ka ce ta fita!"

Na faɗa mata. Ta ce, "Ikon Allah, a bar kayan mutum a rana a gudu? Bari in kwaso su." Ina jin ƙarar silifas ɗinta a kan leda.

"Umma, na haɗa ki da Allah, kar ki je! Wuta suke kamawa!"

"Wace irin wuta, ba ashana ba..."

Baba ya fizge wayar daga hannuna. Ya nemi kalma, ya ga ba shi da ita.

"Hajiya!" ya ce. "Hajiya, na ƙoshi! Na ƙoshi!"

Silifas ɗin ya tsaya. Na ji an ja ƙofar gilashi an rufe. Sai wata ƙara, kamar an kunna gas an daɗe kafin a ƙyasta masa wuta. Umma ta yi salati. Wayar ta yanke.

Na kira, ba a ɗauka ba. Na sake kira. Na juya zan ruga, ya damƙe wuyan hannuna, ban san ko don ya tsayar da ni ba ne ko don ya riƙe kansa. Ma'aikaciyar jinya ta shigo tana duba na'ura, tana cewa in daina tayar masa da hankali. Ni kuma ina ta danna lamba ɗaya.

Lambar Mama Awabu ce ta shigo, maƙwabciyarmu ta ƙasa, 'yar zangon Kumasi.

"Hamdan, mamanka yana lafiya, yana waje tare da ni. 'Yan kwana-kwana ya zo. Baranda ne kawai. Yana kuka, ya ce shi ya ƙona kayan Baba."

Na zauna a bakin gadon. Na fassara masa. Ya rufe ido, ya tambaya:

"Waɗanne lambobi?"

Na tambaya. Umma ta ce huɗun farko ta jera a firiza, bi da bi.

"Biyar, shida, bakwai," ya ce. "Ƙarshen ke nan." Ya ɗan yi dariya, tari ya katse ta. "Huɗun, ka kira masu adana finafinan nan su zo su ɗauka. Ka ce wa Hajiya, uwata ma da ta gan su a jiƙe shanyawa za ta yi."

Sai ya ce in matso. "Ba ka koma makaranta ba, amma ba ni da lokacin jiranka."

Ya ba ni ƙarshen yadda mahaifiyarsa ke ba shi, yana sauya murya. Mai gishiri ta isa bakin ramin kwal da yamma. Mazaje suna fitowa a layi, kowa baƙi ƙirin, fuska iri ɗaya. Ta kwance buhunta, duk wanda ya zo ta zuba masa ɗan gishiri a tafin hannu don ta samu ta kalli idonsa. Ya yi muryar mai gadi yana korarta. Ya yi tata, siririya, tana kiran sunan ƙanin. Layi ya ƙare, gishiri ya ƙare, babu shi. Ta naɗe buhun ta ɗora a ka ta kama hanyar rami na gaba.

"Babana ya bar kyamara a bayanta," ya ce, "har ta zama ɗigo."

Bayan wannan bai ƙara wata doguwar magana ba. Ya nemi ruwa, na jiƙa masa leɓe. Kafin magariba ya cika, hannunsa na kan nawa.

Masu adana finafinan sun zo da wata mota mai sanyi a ciki, suka ɗauki huɗun da safar hannu. Sun tambaya ko akwai wanda ya san yadda labarin ya ƙare. Umma ta nuna ni da haɓa.

Abin da aka rasa ran nan: gwangwani uku, ƙofar baranda, tiren da Umma ta zo da shi daga Kano, rabin ragon da aka fitar daga firiza, da Baba Piyo. A ƙasan firizarmu akwai zagayen da gwangwanin farko ya bari a jikin ƙanƙara. Umma tana jera nama a gefensa, ba ta ɗora komai a kai.