Ƙusar Keken Ɗinki

Yaya ya riga ya yanke hukunci: in motar Baba ta fita ƙofar gida da ƙarfin injinta, ta zauna, in ba haka ba, masu sayen tsohon ƙarfe suna nan tafe da yamma. Shi fili yake so ya yi shago, kuma Yaya in ya faɗi magana ko da gatari ba ka sare ta.

Auta tela ne, bai san komai a mota ba. Abin da ya sani, tun da ɓarin jikin Baba na hagu ya shanye, tsohon ba ya cin abinci sai a cikin motar nan, ba ya gyangyaɗi sai a kujerarta. A ɗauke ta, an ɗauke shi.

Inji kam lafiya lau, ƙararsa har da yanga. Kuloci ne ya ƙi, wanda ake takawa kafin a sa giya. Ka taka feda, ta yi ta tafiya a banza, sai ta kusa taɓa ƙasa sannan ta ɗan yi nauyi. Giya kuwa sai gurnani, ba ta shiga. Maganin Baba tun suna yara guda ɗaya ne, a ƙara ɗaure notin da ke jikin rodi. Auta ya kwanta a ƙarƙashi ya yi ta juya sifana har noti ya kai ƙarshe. Bai canza komai ba. Ya ji kamar ya kurma ihu.

"Baba, don Allah taka min. A hankali."

Baba ya lallaɓa da ƙafar dama ya taka. Auta ya bi ƙarafan da ido, gaɓa bayan gaɓa, ƙasa tana zubo masa a fuska. Feda ta motsa, rodi ya motsa, amma ƙarfen da ke gaba ya yi biris. A mahaɗarsu ƙusa ce ta sirance, ramin da take ciki kuma ya cinye ya koma kamar ƙwai. Duk takun a nan yake zurarewa. Haka keken ɗinkinsa yake yi idan ƙusar ƙafa ta ci.

Ya ruga ɗaki ya kifar da keken ɗinki, ya kwance ƙusar mai kauri, kayan mutane zube a ƙasa. Matarsa ta riƙe baki.

"Da me za ka yi ɗinkin?"

"Ki bari tukuna!"

Ƙusa ta shiga da ƙyar, sai da ya buge yatsa. Yana fitowa ya ji sallama. Yaya ne da masu sayen ƙarfen su biyu da igiya.

"An gyara?" in ji Yaya. "To madalla. Fito da ita mu gani."

Auta ya dubi motar, to wa zai tuƙa? Baba bai taɓa barin ɗansa ko ɗaya ya riƙe sitiyarin nan ba, wai za su lalata masa ita. Auta ko keke mai taya biyu da kame-kame yake hawa. Baba kuma ga shi a kujera, yana kallon ƙafarsa ta hagu, ta taka kuloci, ita ko gezau.

Auta ya zagaya ta ɗaya ƙofar, ya cusa kansa ƙarƙashin sitiyari, ƙato da shi, kuncinsa a kan gwiwar ubansa. Ya danna fedar kuloci da hannu biyu, Baba ya tayar da inji.

"Sa giya, Baba."

Giya ta faɗa ba ko ƙara.

"Saki," in ji Baba da harshensa mai nauyi. "Sannu... sannu, ɗan nan."

Mota ta yi tsalle, ta yi tari, ta soma rarrafe. Auta ba ya ganin komai sai tabarmar roba da silifas ɗin Baba. Ya dai ji taya ta hau dokin ƙofa ta sauka.

"Mun fita? Baba, mun fita?"

Hon ɗin mota Baba ya danne, ya ƙi saki.