Laftof ɗin da Yaya ya ba Auta

Wata huɗu ke nan da aka sallami Yaya daga aiki, kuma ban da matarsa ba wanda ya sani, ko Umma. Shekara goma sha huɗu yana riƙe da makullin siton kayan gini, rana ɗaya aka ce an rage ma'aikata. Shi ne babba a gidansu, shi ake kira in rufi ya yi yoyo, to da wane baki zai faɗa? Kullum da safe sai ya goge takalmi, ya rataya jaka, ya tafi ɗakin karatu ya zauna ƙarƙashin fanka yana rubuta wasiƙun neman aiki a waya.

Sai wasiƙun suka fara gyara kansu. Yau ya rubuta "ku taimake ni don Allah, ina da iyali", gobe ya buɗe ya tarar an share, an sa cewa tsawon aikinsa ko buhun siminti ɗaya bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Gaskiya ne kuwa, shi dai bai ɗauka abin faɗa ba ne. Bawan Allah sai ya kaɗa kai ya ce, "Kai, wayoyin zamani!" Har godiya yake yi wa wayar.

Ranar da wayar ta ƙi caji ya kai wa mai gyara. Mutumin ya gama aikinsa, ya ɗan lallatsa, ya ce, "Maigida, ma'ajiyarka ta intanet a haɗe take da wata laftof. Duk abin da ka ajiye nan, can ma yana fitowa. In an taɓa shi can, nan ma sai ya canza."

Nan take Yaya ya tuna. Tsohuwar laftof ɗinsa ce, wadda ya ba ƙanwarsu Auta bara da ta fara koyarwa. Auta fa! Yarinyar da ya goya, wadda magana ba ta kwana a bakinta.

Da la'asar ya same ta zaune a ƙasa tana duba littattafan ɗalibai da jan biro. Ko ruwan da ta kawo bai kalla ba.

"Ina laftof ɗin nan? Akwai abin da zan cire."

Ta ɗauko ba musu. Ya buɗe, ga wasiƙunsa talatin da ɗaya a jere, har da ta jiya. Kunya ta kama shi kamar an buɗe masa ƙofar banɗaki.

"Tun yaushe?"

"Tun ta farko, Yaya."

"Shi ne ba ki yi magana ba?"

"Kai ka yi? Na so in cire haɗin da kaina, sai na karanta ta biyu na ce a'a, wannan in na bar shi shi kaɗai sai ya roƙi har mai gadi."

Ya so ya yi faɗa, dariya ta ƙwace masa, daga dariyar kuma idonsa ya ciko. Ya tambaye ta Umma fa.

"Sau biyu tana tambayata me ya sa ka rame. Na ce ta tambaye ka. Maganarka ce, ba tawa ba."

Ya goge ido. Sannan ya faɗa mata cewa waɗanda ya tura wa wasiƙa ta ashirin da shida sun kira shi ganawa ranar Litinin, kuma buhun simintin nan suka fara ambata a waya. Auta ta buga guɗa har jan biron ya faɗi.

"Allah ya yi miki albarka," in ji shi. "Wallahi na gode."

"Amin. Yanzu cire abinka, sirrinka ya ishe ni nauyi."

Ita ta nuna masa inda zai danna. Laftof ta tambaya ko ya tabbata, ya ce ya tabbata. Wasiƙun suka ɓace daga fuskar laftof ɗin, suna nan lafiya a wayarsa.

Ya miƙe zai tafi, ya kai bakin ƙofa, ya dawo. Akwai bayanin da zai yi ranar Litinin, da safe ya rubuta shi a takarda. Ya zaro ta daga aljihu, ya zauna a ƙasa kusa da littattafan ɗalibai, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Malama, duba min wannan. In kin gama ki raka ni wajen Umma."