Ni Ce Ta Arba'in

Wata huɗu sakamakon ɗalibaina na shekarar ƙarshe yana kwance a durowar ofishina. An buga, an duba, an sa hannu, ba abin da ya rage sai majalisar malamai ta zauna ta ce ta amince. Aikin minti biyu ne. Magatakarda ya kira sunan sashe, wani ya gabatar, wani ya goyi baya, shi ke nan mutum sittin da uku sun zama masu digiri. Amma majalisa ba ta zauna ba, kuma ina cikin waɗanda suka hana ta zama.

Ga yadda abin yake. Shugaban jami'a ya kawo gyaran doka, wai daga yanzu malamai ba za su ƙara zaɓen shugabannin sassa ba, shi zai riƙa naɗawa. A majalisa mutanensa talatin da tara ne, daraktoci da mataimaka da masu ba da shawarar da ba a taɓa jin sun ba da ita ba. Mu da malamai suka zaɓa talatin da biyar ne. In aka kaɗa ƙuri'a mun sha ƙasa, ko yaro ya san wannan. Sai dai doka ta ce zama ba ya halatta sai mutum arba'in sun sa hannu a takardar halarta, kuma ba a ƙara kujera ko ɗaya sai majalisar ta zauna ta yarda. Mutum ɗaya tak Shugaba yake nema.

Wanda ya gano wannan shi ne shugaban sashenmu, tsohon malamina, wanda ya koyar da ni tun ina shekarar farko, ya kuma duba kundin digirina na uku da jan biro har sai da na yi kuka. A bayan idonsa ana ce masa Baba Doka, saboda ko gaishe shi ka yi yana iya amsa maka da sakin layi na kaza. Ni Malam nake ce masa. Shi ya tara mu ya ce kada wanda ya shiga zauren.

Zama uku aka kira, uku muka ƙi. Ranar zama mukan jera kujeru a barandar laburare, daidai ƙofar zauren, mu zuba ido. Su talatin da tara su shiga da manyan fayiloli, su sha sanyin na'ura na awa guda, su fito suna kallon takalmansu. Karon farko har dariya na yi. Karo na uku ban yi ba, domin mun rubuta muna roƙon a raba ajanda, a zauna kan sakamakon ɗalibai kaɗai, Magatakarda ya amsa mana da layi biyu: ajanda ɗaya ce, abu na uku sakamako, abu na huɗu gyaran doka.

Ni ce jami'ar jarrabawa ta sashe, don haka ƙofata ɗalibai suka sani. Masu kuka sun zo, masu zagi a waya sun kira, duk na iya da su. Wadda ta gagare ni ita ce Uwar Aji. Haka 'yan ajinsu ke kiranta, don ta girme su duka, ta girme ni ma da shekara biyu. 'Ya'yanta huɗu, mijinta ya rasu tana shekara ta biyu, ta dawo makaranta bayan shekara goma sha biyar tana share ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti. Kullum da safe zan tarar da ita a kan bencin da ke bakin ofishina, jaka a cinya. Ba ta roƙo. Ta miƙe ta ce, "Malama, ina kwana," ta koma ta zauna. Da ma zagina take yi, da ya fi mini sauƙi.

Ranar Litinin ɗin da ta gabaci zama na huɗu na kasa daurewa, na ce ta shigo.

"Yaya, zaman nan da kike yi ba zai fitar da sakamako ba," na ce mata. "Ki koma gida, in an yi zan kira ki da kaina."

"Na sani, Malama. Gidan ne ba ya zaunuwa." Ta ciro wata takarda da ta sha ninki ta ajiye a gabana. Asibitin da take shara ne suka ba ta gurbin ma'aikaciyar gwaji, da sharaɗin ta kawo shaidar kammalawa kafin ƙarshen wata. "Sau biyu suna ɗaga mini. Sun ce wannan ne na ƙarshe, akwai mai jira a baya."

"Ba laifinmu ba ne, kin sani ko? Su suka haɗa sakamakonku da wata magana."

"Ni ban ce laifin kowa ba ne," in ji ta. Ta ninke takardarta a hankali ta mayar jaka. "Ina dai so in san ranar da zan gaya wa yara."

Sai na kama gyara fayilolin da suke a gyare.

Da la'asar na sami Malam a ofishinsa na gaya masa. Ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido. Ya ce ya san matar, shi ya sa hannu aka ɗauke ta duk da shekarunta. Ya ce, "In muka shiga, ba aji ɗaya za mu cuta ba. Duk wanda zai riƙe sashe nan gaba, wanda ya naɗa shi zai riƙa kallo, ba ɗalibi ba. Ki ƙara haƙuri." Gaskiya ya faɗa, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Haƙurin ai ba nawa ake ci ba.

Na tafi gida da littafin dokokin majalisa, wani ɗan kore mai shafi arba'in da ba wanda ke karantawa sai Malam. Washegari da safe, ina shan shayi, yara na neman safa, na ci karo da sakin layi na goma sha biyu. Kowane ɗan majalisa yana iya neman a ƙirga mahalarta a kowane lokaci, in ba su kai arba'in ba zama ya tashi nan take. Na karanta sau uku. In shiga, in cika arba'in, a wuce sakamako, sannan kafin abu na huɗu in nemi ƙirga in fice. Su koma talatin da tara. Na jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Maigidana, wanda aikinsa gyaran injinan ɗab'i ne kuma bai yarda da duk abin da ya zo da sauƙi ba, ya saurare ni yana ɗaure wa autarmu takalmi.

"To, Malaminku bai ga wannan layin ba ne?"

"Shi ma mutum ne, yana mantuwa."

"Mutumin da kika ce ya haddace har lambar shafi? Ki dai tambaye shi, Maman yara. Tambaya ba ta cizo."

Ban tambaye shi ba. Na ce wa kaina zai hana ni ne kawai. Amma in zan faɗi gaskiya, akwai wani abu ƙarami a ƙasan wannan: shekara ashirin yana gyara mini rubutu, ina so sau ɗaya a duniya in ga abin da bai gani ba.

Ranar Alhamis ƙarfe goma muna baranda kamar kullum. Na bari su talatin da tara suka gama shiga, na miƙe da fayil ɗina a ƙirji. Tsakanin laburare da zauren bai fi taku talatin ba, amma ban taɓa tafiya mai nisansa ba. Wani ya kira ni daga baya, wata ta ce, "Ke, ina za ki?" Na waiga sau ɗaya, na ga Malam ya miƙe tsaye, hannunsa ɗaya a kan kujera.

Takardar halarta tana kan ɗan tebur a bakin ƙofa. Layi na arba'in a buɗe yake, har da biro a ajiye a kansa. Na sa hannu. Magatakarda ya ɗauki takardar da hannu biyu ya kai wa Shugaba, Shugaba ya dube ni ta saman tabarau ya yi murmushi irin na mai masauki. Mai gadi ya rufe ƙofa.

Abu na ɗaya da na biyu suka wuce kamar walƙiya. Abu na uku, aka kira sassa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ko buɗe fayil. Da aka zo kan namu na ce na gabatar, wani darakta ya goyi baya yana duba wayarsa, Shugaba ya buga tebur. Uwar Aji ta gama makaranta. Na ji wani sanyi ya sauka a raina, na ce ko yanzu aka tsaya na ci riba.

"Abu na huɗu," in ji Magatakarda.

Na miƙe. "Ranka ya daɗe, bisa sakin layi na goma sha biyu, ina neman a ƙirga mahalarta." Na kwashi jakata na nufi ƙofa.

"Dakta, ɗan dakata," Magatakarda ya ce, cikin ladabin da ya fi mari ciwo. "Haƙƙinki ne, za a ƙirga. Sai dai wanda ya nemi ƙirga dole ya tsaya a yi a gabansa, kuma da shi ake farawa. In kin fita, buƙatar ta faɗi, tunda mai ita ba ta nan. Yana shafi na gaba."

Na tsaya cak tsakanin kujeru da ƙofa. In na tsaya, mu arba'in ne. In na fita, ba mai neman ƙirga, takardar da na sa wa hannu ita ce shaida har a tashi. Na juya shafin, ga shi nan kuwa, layi biyu a saman shafi, inda na tsaya da karatu saboda murna. An gudu ba a tsira ba. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, irin wadda ban ji ba tun ina ɗaliba.

"Za ki tsaya ne, ko za ki fita?" Shugaba ya tambaya a hankali.

Na tsaya, don aƙalla a rubuta cewa wani ya ce a'a. Magatakarda ya nuna ni da biro ya ce, "Ɗaya," ya bi sauran har arba'in. Aka kaɗa ƙuri'a, talatin da tara da ɗaya. Duka zaman bai kai minti ashirin da biyar ba. Da aka buɗe ƙofa barandar laburare ba kowa, sai kujeru a jere.

Uwar Aji ta zo bayan kwana huɗu da takardar shaidarta a cikin leda, ta riƙe hannuna da nata biyu tana ta addu'a har da hawaye. Na yi mata murna, wallahi na yi, kuma ko yau ba zan ce na yi da-na-sanin wannan ɓangaren ba. Amma a ɗakin hutun malamai, in na shiga sai hira ta mutu, kowa ya tuna yana da aji. Ba wanda ya zage ni. Wata ƙawata da muka yi shekara goma muna raba ofis ta koma gaishe ni da cikakken muƙamina.

Bayan mako biyu masinja ya kawo mini ambulan mai tambarin ofishin Shugaba. An soke wa'adin duk zaɓaɓɓun shugabannin sassa. An naɗa ni shugabar sashenmu daga ranar Litinin, bisa la'akari da kishin ɗalibai da na nuna. Layin ƙarshe ya tunatar da ni cewa ƙin karɓar aiki saɓa wa ƙa'idar aiki ne.

Ban san lokacin da na isa ofishin Malam ba. Na tarar ya sauke littattafansa daga kanta yana jera su a kwali, hannun rigarsa a naɗe. Na ajiye masa takardar a tebur, na ce, "Malam, ba zan karɓa ba. Su kore ni in sun ga dama. Wallahi ban shiga don wannan ba."

"Na sani," ya ce, bai daina jera littattafai ba. "Da don wannan kika shiga, da kin karanta shafi na gaba."

"Me ya sa ba ka tsayar da ni ba?"

"Ba ki tambaye ni ba. Kuma ko kin tambaya, me zan ce wa matar nan? Wata huɗu ina neman amsar, ban samu ba." Ya zauna a bakin tebur, sai na ga ashe ya tsufa sosai. "Ki karɓa. In kin ƙi, za su ba wanda ba zai ji kunyar kujerar ba. Ke aƙalla za ki ji."

Na fara kuka, ya bar ni na yi, kamar yadda ya saba. Da na lafa ya buɗe durowa ya ciro takarda guda, an buga ta tsaf, ya miƙo mini. Takardar neman ajiye aiki ce, saura shekara uku lokacinsa ya cika. A ƙasa akwai gurbin da aka rubuta: ta hannun shugaban sashe.

"Malam, don Allah kada ka sa ni."

"Ba yau ba," in ji shi. "Yau ba ki da iko. Ki riƙe ta zuwa Litinin, ki sa kwanan wata daidai, kada su dawo mini da ita."

Ya koma kan kwalinsa. Na tsaya da takardar a hannu na ɗan lokaci, sannan na ajiye jakata na fara miƙa masa littattafan da ke saman kanta, waɗanda hannunsa ba ya kaiwa.