Sunan da ke Jikin Katin

A layin bayan kamfanonin fata na Challawa ba wadda ta kai Gwaggo Ladidi taurin kai, kuma ba wadda ta kai ta son miji. Mijin nata, Malam Shu'aibu, a tsaye ya ƙarar da ƙuruciyarsa cikin ruwan jima. Da ƙarfi ya ƙare, kamfani ya sallame shi da ɗan abin da za su lallaɓa tsufansu, aka zuba a banki aka ba shi kati. Gwiwoyinsa kuwa aikin ya cinye su. In ya zo yin sujada yana cije leɓe, ita ce ke jin ciwon a ranta.

Ran nan tana latse-latsen wayar da 'yarta Zulaihat ta saya mata, sai ga tallar wani ɗaurin gwiwa mai ɗumi, wai har ƙofar gida ake kawowa. Zulaihat, mai aiki a wani sito a Bompai, ta sha ja mata kunne cewa kaya sai an kawo an gani ake biya, lambar kati kuwa ko ita ta tambaya kada a faɗa mata. Gwaggo ta ji, amma ta bayan kunne. Ta aika wa masu tallar lambar wayarta, ta lallaɓa ta zaro katin daga gidan tabarau inda Malam ke ɓoye shi. So take ya ga kaya kawai sun iso.

Bayan Azahar aka kira. Wani saurayi ne mai murya kamar an shafa mata man shanu.

"Hajiya, ina wuni? Ya gida, ya iyali? Ya mai jikin? Allah Ya ƙara afuwa."

Shi ke nan, ya gama da ita. A wajen Gwaggo, duk wanda ya iya gaisuwa ɗan gidan mutunci ne. Ya ce ta karanto doguwar lambar gaban katin, ta kai shi bakin taga ta karanto masa tsaf. Abin da Malam ya tara da gwiwoyinsa ya fara zamewa, ita kuwa sai murmushi take.

"Madalla, Hajiya. Sai sunan da ke jiki, sannan ku juya baya ku ba ni lambobi ukun nan."

Gwaggo ta dubi sunan, ta kawar da kai.

"Na maigidan ne."

"To, ya sunansa?"

"Malam."

"Malam wa, Hajiya?"

"Kai yaro, ba ka da kunya? Mijina ne fa!"

Tun ranar da aka kawo ta gidan nan bakinta bai taɓa furta sunan ba. Ko jikanta da aka yi wa Malam takwara da shi, Maigida take ce masa. Saurayin ya lallasa, ya ce ta faɗi harafi ɗaya-ɗaya, ta ce ai duk ɗaya ne. Man shanun ya fara narkewa daga muryarsa.

"Haba Hajiya, wannan ai ƙauyanci ne. Ana jira na fa!"

"To, tsaya ya faɗa maka da bakinsa."

Ta gwammace asirin kyautar ya tonu. Ta ɗaga labule ta nufi zaure, inda Malam ke kishingiɗe yana jin rediyo, ta miƙa masa waya da kati tare, kanta a ƙasa. Ya dubi katin, ya dube ta, ya kara wayar a kunne.

"Samari, a wace kasuwa shagonku yake? Ku kawo kayan in gani, in biya hannu da hannu."

Ƙit, aka kashe.

Sai a sannan Gwaggo ta gane ɗan damfara ne. Suka kira Zulaihat, ta yi salati, ta tambaya ko an ba da lambobin baya, ko wata lamba da banki ya turo. Da ta ji ba a bayar ba, ta sa Malam ya kira bankin nan take aka toshe katin. Ba a taɓa ko sisi ba.

Gwaggo ta zauna a bakin tabarma tana share hawaye da gefen mayafi. Kunya da tsoro duk sun haɗu sun rufe ta.

"Wallahi Malam, gwiwarka na so wa magani. Saura ƙiris in jefa mu a wahala."

Malam ya rage muryar rediyo. Ya daɗe yana kallonta, yana danne dariya, idonsa kuwa ya ciko.

"Ladidi, tun muna yara nake marmarin in ji sunana a bakinki ko sau ɗaya. Yau dai na yafe. Ki ci gaba da riƙe min shi."