Lambobi Shida a Wayar Vasemaca

Shekara ɗaya da rabi Torika tana jiran asibitin Suva, babban birninmu, ya sa mata ranar da za a cire mata yanar ido. Namu asibitin na nan tsibiri ɗaki biyu ne, nas ɗin ma tun bara ta tafi haihuwa, ba a aiko wata ba. Da takarda ta iso, Litinin aka rubuta. Jirgin ruwa kuwa Alhamis kaɗai yake zuwa.

Da can a bakin gaɓa ake sayen tikiti, ka miƙa dala a miƙo maka takarda. Yanzu an rufe rumfar, wai sai ta waya da katin banki. Ni na ɗauki aikin, don ni ce mai aji huɗu a layinmu, kuma ba na son a yi abu ba na wurin.

Muka hau tudun coci, nan kaɗai waya take kamawa. Na shigar da komai a wayata, aka ce an tura lambobin sirri shida, a saka su cikin minti uku. Muka jira, shiru.

Na ce, "Ke, wayar wa kika ba banki?"

Torika ta ja tsaki. Shekara tara da suka wuce, da ma'aikatan banki suka zo buɗe wa tsofaffi asusu, mutum ɗaya ce ke da waya a ƙauyen: Vasemaca, taubashiyarta. Su biyun kuwa ba sa ga maciji tun bikin 'yar fasto. Ran nan mata sun jera tabarmin gudummawa, Torika ta ce a gaban kowa ta Vasemaca a kasuwa aka sayo ta, ba saƙarta ba ce. Wadda ta kai wa Torika wannan labari, kada ku tambaye ni.

Na kira banki. Sai da kiɗan jira ya cinye mini katin waya, sannan wata yarinya ta ce canza lambar waya sai mai asusu ta zo Suva da kanta.

"To da me za ta zo, 'yar nan? Iyo za ta yi?"

"Ki yi haƙuri Mama, tsarin tsaro ne. Kuma in an gwada sau uku ba a dace ba, katin zai rufe."

Dole na je na lallaɓo Vasemaca. Ta hau tudun da rigar coci da mafici, sai ka ce matar gwamna.

"Makauniya ce ke nemana?"

Torika ta ce, "Ko ba ido, tun daga gindin tudu na ji warin man kwakwarki."

Na sake turawa. Wayar Vasemaca ta yi ƙara. Ta ciro tabarau, ta hura masa iska, ta goge, ta karanta a hankali.

"An ce kada in gaya wa kowa. Ni kuwa mai bin doka ce."

"Kuɗina ne, tsohuwar banza!"

Vasemaca ta nuna ni da mafici. "Wayata ce. Ki faɗa nan gaban Unaisi cewa ni na saƙa tabarmar nan, don ta kai wa gari."

"Gara in mutu a duhu."

Minti uku suka ƙare. Saura gwaji ɗaya.

Na raɗa wa Torika ta riƙe ta da faɗa, na tura na uku. Torika ta tono zancen aladen da ya ci rogon gonarta, Vasemaca ta tono na iyayensu. Tana nuni da mafici, wayar tana ɗaya hannun a buɗe. Na leƙa ta bayan kafaɗarta, na kwashe lambobin, na danna. Tikiti ya fito.

Torika ta rangaɗa guɗa. "Ki jiƙa wayarki ki sha!"

Ashe muna sauka banki ya sake tura saƙo ga wayar Vasemaca: ke ce kika yi wannan sayayya? E ko a'a.

Ranar Alhamis na raka Torika gaɓa, tana riƙe da jaka, ni da ƙunshin gwazar da za ta kai wa 'yarta a Suva. Mai duba tikiti ya kalli wayata ya girgiza kai.

"An soke wannan, Mama. Banki ya ce sata ce."

Na ciro dala daga bakin zane.

"Ba ma karɓa a hannu. Jirgin ma ya cika."

Vasemaca tana zaune a inuwa tana fifita. Ba ta ma jira an tambaye ta ba.

"Cewa aka yi ko ni na saya. Ni na saya? Ƙarya kuke so in yi da tsufana?"

Torika ta fizgi gwaza ta jefa inda muryar take. A ƙirjina ya sauka. Ta zagi Vasemaca, ta zagi banki, ta zagi wanda ya rufe rumfar tikiti, har muryarta ta dushe. Sannan ta zauna a kan jakarta, ta juya fuska wajen ruwa.

"Unaisi, ya tafi?"

Na ce, "Yana nan tukuna."

"Rufe mini baki. Na ji lokacin da suka kwance igiya."