Je Ka Turo Babbanku

Yayana ya yi shekaru yana fatsa a tafkin bayan gari, amma matarsa ba ta taɓa ɗora tukunya saboda kifinsa ba. Duk wanda ya kama sai ya mayar da shi ruwa. Na sha faɗa masa cewa tartsatsin walda ne ya gama da idonsa ya koma kan ƙwaƙwalwa, matar tasa ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Shi ko a jikinsa. Cewa yake tela ba zai gane ba, tunda ni duk abin da na soka wa allura ba na sakinsa sai na ɗaure.

Yana da tsarinsa. Duk ƙugiyar da ya saya sai ya kai ta shagonsa na walda ya goge ƙaramar ƙayar nan ta bakinta da magagari, don kada ta yaga leɓen kifi. In ya kama, sai ya jiƙa hannuwansa kafin ya taɓa shi, ya juya shi ya duba tsawonsa, ya zare ƙugiyar a hankali ta bar ɗan rami kamar na allura. Daga nan ya tallafe shi a cikin ruwa har numfashi ya dawo masa, ya ɗan tura shi, ya ce, "Je ka turo babbanku."

Kullum haka, ko karfasa ce mai faɗin tafin hannu, ko tarwaɗa mai tsawon damtse. Ni da nake zaune a gaɓa da tawa sandar fatsar, nakan jiyo maganar ta biyo saman ruwa daga inda yake cikin ɗan kwalekwalensa na roba mai cin mutum ɗaya, irin wanda ake kira kayak. Nakan ce masa wata rana za a isar da saƙon, ya rasa inda zai sa kansa.

Shi ya raine ni bayan rasuwar mahaifinmu, ni ne kuma ɗan aikensa tun ban iya ɗaura wando ba. Yakan yi alfahari da cewa ba a taɓa ba ni saƙo ya kwana a bakina ba. Ina son mutumin nan fiye da yadda na taɓa faɗa masa, don mu ba gidan faɗa ba ne, gidan tsokana ne.

Da jiri ya fara kama shi, har ya yanke jiki ya faɗi a shago, likita ya hana shi hawa ruwa. Ya yi wata guda a gida yana hura hanci, yana neman kowa da rigima, har matarsa ta gaji ta yarda ya koma tafkin, da sharaɗin ƙafarsa ba za ta bar gaɓa ba. Ta ja ni gefe a bakin ƙofa, ba wasan da muka saba, ta ce amana ta ba ni, in dawo mata da shi a bushe. Na ce, "Matarmu, ko da igiya sai na ɗaure miki shi."

Shi ya sa ranar muka yi musaya. Shi ya zauna a kujerata ta naɗewa a ƙarƙashin bishiya, ni na sa rigar nan mai hana nutsewa na shiga kwalekwalen. Bai bar ni na tafi salin alin ba. Ya gyara mini riƙon filafili, ya ce ina tuƙi kamar mai dama kunu a randa, ya nuna mini inda matattun itatuwa suka leƙo daga ruwa can tsakiya, ya ce nan ne gidan manya. Sandarsa ya ba ni, da ƙugiyarsa.

Rana ta ɗaga sosai kafin na isa. Na kama ƙananan karfasa, na sake su yadda yake yi, sai dai ban ce musu komai ba, don ni ba na hira da abinci. Can sai na lura tsuntsayen da ke kan itatuwan sun tashi ba tare da kuka ba. Iska ta ɗauke. Ruwan ya kwanta lumui kamar yadin da aka goge, ko ƙwaro ɗaya ba ya tafiya a kansa. Na waiwaya na hango Yaya ƙarami a kujerarsa yana ɗaga mini hannu, bakinsa na motsi, amma ba abin da ya iso kunnena, a tafkin da ko tari aka yi a gaɓa ana jinsa a tsakiya.

Sai na ga kifaye. Sun taso kewaye da kwalekwalen, manya da ƙanana, sun tsaya cak a ƙarƙashin fatar ruwa, kawunansu duk suna fuskantata. Ruwan garau yake, har ina ganin leɓunansu. Kowanne da ɗan raminsa.

Zaren ya miƙe. Ba fizga irin ta kifi ba, ja ne a natse, irin wanda uwa ke yi wa hannun yaro a kasuwa. Kwalekwalen ya fara tafiya. Da mai hankali ne da ya saki sandar, amma ta Yaya ce, kuma na san gorin da zan sha in na koma babu ita. Ina cikin wannan lissafin banza zaren ya saki gaba ɗaya, ƙugiyar ta taso daga ruwa ta same ni a leɓen sama, kwalekwalen ya kife.

Rigar nan an yi ta ne don ta ɗaga mutum sama, amma ƙasa na yi. Ban ga abin da ya riƙe ni ba, ba kuma zan yi ƙaryar na gani ba. Na dai ji an tallafe ni ta ƙirji da cinyoyi da wani abu mai sanyi da santsi, mai faɗin da ban ji iyakarsa ba. An juya ni ta wannan gefen, an juya ni ta wancan, ba gaggawa. An zare ƙugiyar daga leɓena, ko zafi ban ji ba. Sannan aka ɗago ni har fuskata ta fito, aka riƙe ni a nan ina tari ina aman ruwa, aka jira har numfashina ya daidaita. Wannan jiran ya fi komai tsorata ni, don na san inda aka koye shi.

Da aka ɗan tura ni wajen gaɓa, maganar ba ta kunne ta shigo ba. A cikin bakina na tsince ta, a kan harshena, da irin lafazin Yaya da ɗan wasan da ke cikin muryarsa: je ka turo babbanku.

Na iske Yaya a tsaye ruwa har gwiwa, yana shirin ƙarawa gaba. Na tura shi waje da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Ya yi ta tambayata abin da ya faru, na nuna masa da hannu cewa kifewa kawai na yi. Ya kama haɓata ya ɗaga, ya daɗe yana kallon leɓena, ya ce, "Wanda ya cire maka wannan ya iya hannu."

Na buɗe baki zan ce mu tafi gida, sai na ji saƙon ya taso ya riga maganata zuwa bakin haƙora. Na datse su. Haka na tuƙa motarsa har gida ban ce uffan ba, na miƙa shi ga matarsa da jiƙaƙƙen wando, na juya.

Da kowa ina magana lafiya lau. Ina ciniki da masu ɗinki, ina faɗa da mai kawo mini zare, ina tsokanar matarmu in ta biyo ta shagona. Amma da na hango Yaya, ko na ji muryarsa a waya, sai harshena ya yi nauyi da maganar da ba tawa ba. Na gwada faɗa wa matarsa ta sayar da kwalekwalen da masu gadin tafkin suka dawo da shi, ta ce ya hana a taɓa. Sai na daina zuwa gidan, na daina ɗaga wayarsa. Mutumin da ya saya mini keken ɗinkina na farko, na koma in na hango shi a titi in sake hanya. Matarsa ta ce ya rame, yana tambayarta ko wani laifi ya yi mini. Na yi kuka a bayan labulen gwada kaya, ban kuma je ba, don gara ya rayu yana jin haushina.

Wata ranar Alhamis da hantsi ina durƙushe ina kalmasa bakin wata riga, sai inuwa ta rufe ƙofar shagon. Yaya ne. Kafin ya yi sallama na kwashi allurai na jera a tsakanin leɓuna, yadda kowane tela ke yi in hannuwansa sun cika. Ya zauna a bencin masu jira ya kalle ni, ya kalli alluran, ya gane. Ya yi mini hirar ciwonsa, da ta maƙwabcinsa da ya sayi injin da ba ya tashi. Ina gyaɗa kai. Daga baya ya ce shi ya raine ni, ya san fuskata in ina ɗauke da aike, tun ina yaro haka nake cika kumatu.

"To, shi ke nan, ƙanena," in ji shi, yana miƙewa. "Tunda ba za ka faɗa mini abin da ka gani ba, jibi zan je in gani da idona."

Na yi tsalle na cafke wuyan hannunsa, na tofar da alluran suka watse a ƙasa. Abin da na shirya gajere ne, na kuma riƙe shi da dukan ƙarfina: Yaya, kar ka je.

"Yaya," na ce, "an ce ka je."

Bai razana ba. Ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa motar da yake jira ta iso.

"Ai ni na yi ta aikawa a kira shi," ya ce. "Ba a kiran babba ya zo, sannan a ƙi fita."

Ya ɗora ɗaya hannun a kan nawa, ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yadda ba zan ji zafi ba. Ya riƙe ni kaɗan har numfashina ya daidaita, sannan ya sake ni ya fita.