Layi Uku na Gero

Tun da motar kamfani ta tsaya a bakin gona, Inna ta san asirinta zai tonu.

Bana babban ɗanta ya sa hannu a takarda: gonar gidan kaf ta koma ta riɗi, kamfani ya ba da iri da taki, ya sayi amfanin. Sharaɗi ɗaya ne, kada a haɗa riɗin da wata shuka. Inna ta ji, ta gyaɗa kai, sannan ta zagaya ta shuka layi uku na gero can ƙarshen gona. Ita fa ba ta yarda da gonar da ba ta ciyar da mai ita ba. Irin kuwa shi ne ragowar wanda marigayi mijinta ya bari, duk ta zuba shi a ƙasa, ko ƙwaya ba ta ajiye ba.

Sai dai gero ba ya ɓuya. Ya kere riɗin tsawo, ya fid da kai yana kaɗawa kamar mai kiran baƙi.

Malamin kamfani ya tsaya cak. "Wannan fa?"

"Ɗan abinci ne, ɗana," in ji Inna. "Idan riɗin ya ƙi, takarda za mu dafa?"

"Inna, ba ni na kafa dokar ba. Ko a sare shi yanzu ina gani, ko in soke gonar."

Ta juya ga ɗanta. Kansa na ƙasa. Sai a lokacin ta lura gindin geron fes yake, babu ciyawa, ita kuwa rabonta da wurin tun da ƙafa ta matsa mata. Ashe ya sani, shi ke nome shi a ɓoye. Tausayinsa ya kama ta.

"Malam, mako biyu kawai," in ji ɗan. "Irin babanmu ne."

Malamin ya girgiza kai, ya zaro biro.

"Tsaya," in ji Inna. Ta karɓi laujen da ke hannun ɗanta, don ba za ta bari ya ɗauki wannan a ransa ba. Da kanta ta bi layukan uku.

Da mota ta tafi, ta ɗauki zangarniya mafi girma ta murza a tafin hannu, ko Allah zai sa. Farin ruwa ne ya fito. Bai yi ƙwaya ba.